Nitirik-Oksaid da Raunin Jijiya: Nazari Daga Fagge da Sabon Gari, Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci aikin da sinadarin nitirik-oksaid yake yi a lokacin da jijiyar saƙo ta ji rauni, da kuma lokacin da take ƙoƙarin warkewa. An ɗora bayanin a kan raunukan da mazauna Fagge da Sabon Gari suka sani, wato shanyewar ƙafa bayan allura, da raunin haɗarin babur, da ɗorin da aka matse, da kuturta. Maƙalar ta nuna cewa amfani ko illar wannan sinadari sun danganta ga yawansa, da inda ya fito, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana fita. An kuma tattauna tarnaƙin da kalmomin “jijiya” da “iska” suke kawo wa mai son bayyana wannan ilimi da Hausa.

1.0 Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Fagge tana cikin sassan da suka fi cunkoso a birnin Kano. A cikinta Kantin Kwari take, da kasuwar Singa, da kasuwar Abubakar Rimi ta Sabon Gari, unguwar da aka kafa wajen shekarar 1913 domin baƙin da suka biyo hanyar jirgin ƙasa. Duk wanda yake neman abinci a wannan yanki, hannu da ƙafa ne jarinsa: tela da kekensa, ɗan dako da kurarsa, direban A-Daidaita-Sahu, makaniki, mai awo. Idan yatsu suka daina riƙo ko ƙafa ta soma jan ƙasa, abincin gida ne ya tsaya.

Irin wannan nakasa takan samo asali ne daga raunin jijiyar saƙo. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 masu bincike suka gano cewa wani ɗan ƙaramin sinadari, nitirik-oksaid, yana da hannu a kusan kowane mataki na wannan rauni, daga lalacewa har zuwa sake tofowa. Batun ya shafi manazarta Hausa domin likita da majiyyaci a Kano da Hausa suke magana, kuma shawarar da majiyyaci zai yanke, ta zuwa asibiti yau ko jira zuwa baɗi, tana rataye ne a kan abin da ya fahimta daga kalmomin da aka gaya masa.

2.0 Kalmar “Jijiya”

Ƙamusoshin Hausa tun daga na Bargery na 1934 sun kawo wa “jijiya” ma’ana fiye da ɗaya. A bakin jama’a, hanyar da jini yake bi jijiya ce. Igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi, wadda ake kira agara, ita ma jijiya ce. Farin zaren da yake kai umarnin ƙwaƙwalwa ga gaɓoɓi jijiya ne, haka ma saiwar itace. A maganar sakaya har al’aurar namiji akan kira da wannan suna. Ba Hausa kaɗai ke da wannan haɗaka ba: kalmar Girkanci da Turawa suka aro domin ƙwayar jijiyar saƙo, asalin ma’anarta agara, kuma “asab” na Larabci ya ƙunshi ma’anonin biyu.

A wannan maƙala an yi amfani da “jijiyar saƙo” ga wadda take ɗauke da ji da motsi, “jijiyar jini” ga wadda jini yake bi. Abin lura shi ne nitirik-oksaid yana aiki a cikin duka biyun. A jijiyar jini aka fara gano shi, daga baya aka tarar da shi a jijiyar saƙo, kuma ita jijiyar saƙo ba ta rayuwa sai da ƙananan jijiyoyin jinin da suke ciyar da ita. Saboda haka haɗakar da Bahaushe ya yi ba ta rasa tushe ba, ko da yake a ɗakin likita tana iya jawo ruɗani.

3.0 Sinadarin da Tarihin Gano Shi

Nitirik-oksaid ƙwayar zarra ɗaya ce ta naitirojin haɗe da ɗaya ta oksijin. Ba ruwa ba ne, ba gari ba ne, nau’in gas ne marar launi. An daɗe da saninsa a cikin hayaƙin injin mota, ana lissafa shi cikin masu gurɓata sararin birane. A 1977 Ferid Murad ya nuna cewa maganin ciwon ƙirji na naitirogilisarin yana aiki ne ta hanyar sakin wannan gas. A 1980 Robert Furchgott da John Zawadzki, a Niyok, suka lura cewa babbar jijiyar jinin zomo ba ta saki ta buɗe idan aka kankare siririn shimfiɗin da yake cikinta, alamar cewa shimfiɗin yana fitar da wani abu. A 1987 ayarin Salvador Moncada a Ingila da na Louis Ignarro a Amurka suka tabbatar da cewa abin nan nitirik-oksaid ne. Shekara guda bayan haka John Garthwaite ya nuna cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ma suna fitar da shi, kuma a 1990 David Bredt da Solomon Snyder suka tace enzayim ɗin da yake ƙera shi a ƙwaƙwalwa. Furchgott da Ignarro da Murad sun sami kyautar Nobel a 1998. Shi kansa Alfred Nobel da naitirogilisarin ya tara dukiyarsa wajen ƙera nakiya, kuma shi likitoci suka rubuta masa sa’ad da ciwon zuciya ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa.

Jiki yana ƙera nitirik-oksaid daga wani tubalin furotin mai suna ajinin. Enzayim uku ne suke wannan aiki. Na farko yana cikin ƙwayoyin jijiyar saƙo, na biyu a shimfiɗin jijiyar jini. Waɗannan biyu kaɗan-kaɗan suke fitarwa, na ɗan lokaci, su tsaya. Na ukun ba ya nan a jiki mai lafiya sai an tayar da shi. Ƙwayoyin garkuwar jiki ne suke samar da shi idan an sami rauni ko cuta, kuma idan ya soma aiki yakan zubo sinadarin da yawa na tsawon sa’o’i ko kwanaki. A nan za a kira shi “enzayim na kumburi”. Shi kuwa sinadarin ba ya wuce ’yan daƙiƙu kafin ya rikiɗe, ba a ajiye shi, kuma yana ratsa bangon ƙwayar halitta ba tare da neman ƙofa ba. Don haka tasirinsa a kan maƙwabtan inda aka ƙera shi yake tsayawa.

4.0 Bayan Jijiya Ta Ji Rauni

Jijiyar saƙo dami ce ta zarurruka. Kowane zare reshe ne mai tsawo na ƙwaya ɗaya wadda uwarta take zaune a cikin laka ko a gefenta, kuma da yawansu suna naɗe da rigar kitse da ake kira mayelin. A 1850 Augustus Waller ya yanke jijiyoyin da suke zuwa harshen kwaɗo, ya ga cewa ɓangaren da aka raba da uwar ƙwaya yakan ruɓe ya wargaje. Wannan wargajewa sharaɗi ce ta gyara. Sai an kwashe tarkacen tsohon zare da rigarsa kafin sabon zare ya sami hanyar bi, kamar yadda ba a ɗora sabon gini a kan ɓaraguzan tsoho.

Masu kwashe tarkacen ƙwayoyi biyu ne: waɗanda suka saƙa rigar tun farko, da kuma manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye datti, waɗanda suke kwararowa daga jini cikin ’yan kwanaki. A wannan lokaci ne enzayim na kumburi yake tashi. Binciken da Levy da Kubes da Zochodne suka buga a 2001 daga Kalgari ta ƙasar Kanada ya nuna cewa ɓerayen da aka hana wa wannan enzayim, kwashe tarkacen yana jinkiri a jikinsu, tofowar sabon zare ma haka. A 2002 Keilhoff da abokan aikinta a Jamus suka sami jinkirin warkewa a ɓerayen da ba su da enzayim na jijiyar saƙo. A gefe guda kuma, nitirik-oksaid na shimfiɗin jijiyar jini yana buɗe hanyoyin jini a kewayen rauni, abinci da oksijin su isa.

Ɓarnar ma a rubuce take. A 1990 Joseph Beckman da abokansa suka bayyana cewa idan nitirik-oksaid ya haɗu da wani gurɓataccen nau’in oksijin da yake yawaita a wurin kumburi, sukan haifi sinadarin feroksinaitirait, wanda yake ƙona furotin da kitse, ya lalata ma’aikatar ƙarfi ta cikin ƙwaya, wato mitokondiriya. A 1997 Redford da Kapoor da Smith a Landan suka nuna cewa nitirik-oksaid yana iya toshe wucewar saƙo a zaren da bai yanke ba, musamman wanda rigarsa ta saɓule, kuma toshewar tana wucewa idan aka janye shi. A wannan shekarar ce kuma ayarin Zochodne suka ba da rahoton cewa ba ɓeraye maganin da yake danne enzayim ɗin gaba ɗaya ya ƙara saurin tofowar jijiya. Wato ɗakin bincike ɗaya ya fitar da sakamako biyu masu kama da saɓani cikin shekara huɗu. Fassarar da ta fi karɓuwa ita ce, kowane gwaji ya taɓa wani enzayim dabam a wani lokaci dabam. Kaɗan daga sinadarin a farkon rauni yana share hanya. Mai yawa da ya daɗe yana zuba yana cinye abin da ya rage.

Akwai agogo a kan wannan duka. Sabon zare yana tafiyar kusan milimita 1 a rana, kimanin inci guda a wata. Tsokar da ta rasa jijiyarta kuwa takan soma rasa ikon karɓar sabuwa bayan wata 12 zuwa 18. Herbert Seddon a 1943 ya kasa raunin gida uku: wanda saƙo ya tsaya amma zare bai yanke ba, wanda zare ya yanke amma kwasfarsa tana nan, da wanda jijiya ta rabu biyu. Na farko yakan warke cikin makonni, na biyu cikin watanni, na uku sai da tiyata. A idon majiyyaci duka ukun iri ɗaya ne a makon farko.

5.0 Raunukan da Aka Sani a Yankin

5.1 Allurar Ɗuwawu

Babbar jijiyar ƙafa ta ratsa ta ƙarƙashin tsokar ɗuwawu. Idan mai allura ya soka a tsakiya ko ƙasa maimakon kusurwar sama ta waje, tsinin yana iya taɓa ta, kuma ruwan maganin da ya shiga cikinta ya fi tsinin ɓarna, domin yana tayar da kumburi a wuri matsattse. Likitocin Nijeriya sun daɗe suna rubutu a kan wannan, ciki har da rahoton Fatunde da Familusi na 2001 daga Ibadan a kan yara. Alamarsa ita ce ƙafa ta kasa ɗagowa daga idon sawu, yaro ya riƙa jan yatsu a ƙasa. A unguwannin da kowane lungu yake da kyamis, kuma iyaye da yawa suke ganin zazzaɓi ba ya sauka sai da allura, haɗarin a fili yake. Ga jarirai, gefen cinya ta gaba ne wurin da aka amince da shi.

Iyaye sukan kira wannan shan-inna, alhali cutar shan-inna ƙwayar birus ce da take kashe uwar ƙwaya a cikin laka. Rabon Jihar Kano da samun mai ɗauke da ainihin wannan birus tun Yulin 2014, kuma an tabbatar da kawar da shi daga nahiyar Afirka a ranar 25 ga Agusta, 2020. Bambancin yana da muhimmanci, domin a raunin allura uwar ƙwaya takan tsira, zare yana iya tofowa. Lissafi mai sauƙi yana nuna dalilin gaggawa: idan tsakanin wurin allura da tsokar ƙwauri akwai santimita 45 a jikin babba, tafiyar za ta ci kwana 450, kusan wata 15. Yaro ƙarami tazararsa gajeriya ce, damarsa ta fi yawa, muddin ana motsa gaɓar kuma an sa mata takalmin da zai hana ta sandarewa kafin jijiya ta iso.

5.2 Babur da Ɗori

Gwamnatin Jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni a Janairun 2013, amma babur bai bar titunan Fagge ba. Wanda ya faɗi a kan kafaɗa, wuya ya karkata ɗaya gefen, yana iya fizge saiwoyin jijiyoyin hannu daga jikin laka. A gwajin ɓeraye na 1993, Wu ya nuna cewa bayan irin wannan fizga ƙwayoyin motsi na cikin laka, waɗanda a da ba sa nuna enzayim na nitirik-oksaid, sukan soma fitar da shi kafin da yawansu su mutu, kuma shi da Li sun ga cewa danne enzayim ɗin ya rage yawan masu mutuwa. Saiwar da aka fizge ba ta komawa da kanta. Abin da likitocin tiyata suke yi shi ne aro reshe daga jijiya mai rai su jona wa wadda ta mutu, kuma an fi samun nasara idan an yi cikin wata shida na farko.

Karaya kuwa sau da yawa wurin maɗori ake fara kai ta, kafin a tuna da Asibitin Ƙashi na Dala. Maɗora suna da ƙwarewar da ba a musunta ba a karaya mai sauƙi. Matsalar tana wajen ɗauri. Gaɓar da ta karye tana kumbura, idan karare da tsumma suka hana ta wuri sai jini ya tsaya, kuma sa’o’i shida sun isa tsoka ta soma mutuwar da ba ta dawowa. Richard von Volkmann ya bayyana ƙanƙancewar hannu da take biyo baya tun 1881. Ko bayan an kwance, jinin da ya dawo yana zuwa da gurɓataccen oksijin ɗin da aka ambata, wanda yake haɗuwa da nitirik-oksaid ya ƙara ɓarna. Ciwon da ya wuce misali bayan ɗori, ko yatsun da suka yi sanyi suka daina ji, dalili ne na kwance ɗauri nan take a nufi asibiti, ba alamar ƙashi yana kamawa ba.

5.3 Kuturta

A nan ne hujja ta fi ƙarfi. Kuturta, wadda Gerhard Hansen ya gano ƙwayarta a 1873, cutar jijiyar saƙo ce kafin ta zama ta fata. Yatsun kuturu ba cutar ce take cinye su kai tsaye ba. Rashin ji ne yake sa ƙuna da yanka su yi ta maimaituwa ba a sani ba. Kano ta san wannan cuta da daɗewa, asibitin Yadakunya shaida ne, kuma har yanzu Nijeriya tana cikin ƙasashen da suke ba da rahoton sababbin masu cutar sama da 1,000 a shekara.

A 2004 Schön da abokan aikinsa suka sami sawun ƙunar feroksinaitirait a ƙananan jijiyoyin fatar masu kuturta. A 2017 Cressida Madigan da Lalita Ramakrishnan da ayarinsu suka yi amfani da ’ya’yan wani ƙaramin kifi mai jiki garai-garai, suka kalli abin da idonsu: wani kitse da yake jikin ƙwayar kuturta yana sa ƙwayoyin garkuwa su tayar da enzayim na kumburi, su kuma suna sintiri a jikin zaren jijiya suna zuba masa sinadarin, har mitokondiriya ta lalace, riga ta saɓule. Makamin da jiki ya ɗauko domin kashe cuta shi yake faɗa wa jijiya. Wannan yana taimakawa wajen fahimtar abin da likitoci suka daɗe suna gani, cewa haɗin magungunan kashe ƙwayar cutar, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995, ba ya hana jijiya lalacewa idan kumburi ya taso, sai an haɗa da maganin danne kumburi irin su firedinisolon, wanda cikin ayyukansa akwai hana tashin wannan enzayim. Raunin da bai wuce wata shida ba shi aka fi sa ran zai amsa magani.

6.0 Kasuwar Magani

Shekaru da dama Sabon Gari ita ce cibiyar sarin magunguna ta Arewa, har zuwa Fabrairun 2024 da hukumomi suka rufe shaguna suka umarci ’yan kasuwar su koma sabuwar cibiya a Dangwauro, kan hanyar Zariya. Cikin abin da ya fi tafiya a wannan harka akwai sildenafil, wanda aka amince da shi a Amurka a 1998. Maganin ba ya ƙera nitirik-oksaid. Yana hana saurin rushewar saƙon da sinadarin ya bari a tsokar jijiyar jini ne. Mai talla da ya ce maganinsa “yana ƙarfafa jijiya” ya fake a bayan faɗin kalmar, mai shanyayyen hannu kuma yana iya ɗauka da shi ake. Ba a amince da wani maganin nitirik-oksaid domin gyaran jijiyar saƙo da ta yanke a jikin ɗan Adam ba. Kusan duk sakamakon da aka kawo a sama daga ɓeraye da kifi ne. Haɗa sildenafil da naitirogilisarin kuwa yana iya faɗar da bugun jini har ya kai ga halaka.

7.0 Matsalar “Iska” da Wani Suna Mai Kama

Mai fassara da ya tashi bayyana nitirik-oksaid zai ga “iska” ce kalma mafi kusa. Amma iska a Hausa tana nufin wadda ake shaƙa, tana kuma nufin aljani, kuma shanyewar gaɓa tana cikin cututtukan da aka fi jingina wa iskoki. Sunan shan-inna kansa daga Inna ya fito, wadda aka yi imani tana shanye gaɓar yaro, kamar yadda Elisha Renne ta tattauna a littafinta na 2010 a kan siyasar rigakafin cutar a Arewacin Nijeriya. Likitan da ya ce wa uwa “wata iska ce a jikin ɗanki take lalata jijiyar” ya faɗi gaskiyar kimiyya, amma ya nuna mata hanyar gidan mai girka. Ya fi dacewa a ce “sinadari” a gaban majiyyaci, a bar “gas” ga littafin makaranta, inda ɗalibi ya riga ya san gas ɗin girki.

Tarko na biyu a rubutu yake. Akwai wani gas mai suna naitirus-oksaid, mai ƙwayar naitirojin biyu, wanda likitocin haƙori suke amfani da shi wajen rage zafi, wasu matasa kuma suke shaƙa daga balan-balan domin maye. A Yulin 2023 hukumar NDLEA ta ba da umarnin farautar masu sayar da shi ba bisa ƙa’ida ba. Wannan gas yana kashe aikin bitamin B12 a jiki, kuma yawan shaƙarsa yana lalata laka da jijiyoyin ƙafa, har matashi ya kasa tafiya. Sunayen biyu a Turanci harafi kaɗan ne ya raba su, a kunnen mai sauraren rediyo kuwa kusan ɗaya ne. Tunda duka biyun suna fitowa a zancen raunin jijiya, ya kamata masu ƙirƙirar kalmomi su raba su tun daga tushe: a bar wa na jiki sunansa na aro, nitirik-oksaid, na balan-balan kuma a kira shi “gas mai sa dariya”, sunan da aka riga aka san shi da shi.